Yatsu Huɗu a Ƙarƙashin Fijon Alhaji

Idan ka bi titin da ya gangara tashar jiragen ruwa a unguwar Treichville ta birnin Abidjan, ka wuce manyan sito inda ake jibge shinkafa, za ka ga wata rumfar kwano jingine da katanga, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Garejin Abdulra'uf ke nan, wanda kowa ke kira Ra'ufu mai walda. Ba allo, ba lambar waya a bango. Wanda bai san wurin ba, ranar da cikin motarsa ya daki ƙasa wani zai kwatanta masa.

A unguwar Adjamé, can tsallaken gada, aka haife shi, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce. Mahaifinsa mutumin Daura ne, ya zo fataucin goro, ya ga wuri ya zauna, ya ƙare da teburin rediyo da batura a gefen kasuwar da ake kira Black Market. Mahaifiyarsa Hajo ƙosai take toyawa a ƙofar gida. Ra'ufu ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ya fito da Faransancin da zai ishe shi faɗa da direban gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, Hausarsa kuma ta gida ce, Julanci, yaren kasuwar garin, ya cinye rabinta. Yana da shekara goma sha tara uban ya rasu. Sai ya tsallaka gada ya kama dako a tasha, buhu a ka tun safe har la'asar.

A nan Allah ya haɗa shi da Alhaji Abduljalil, Bakano mai shigo da tayil da kwanon rufi. Gajeren mutum ne, tsaf-tsaf, wanda ko jakarsa ba ya yarda a riƙe masa. Wata rana ƙyauren sitonsa na ƙarfe ya ƙi rufuwa. Aka kira mai walda, ya yi ta liƙe-liƙe, ƙyaure ya ce bai san zancen ba. Ra'ufu, da ba wanda ya sa bakinsa, ya sauke buhu ya ce ai ƙyauren lafiyarsa lau, ginshiƙin ne ya nutse. Aka auna, aka tarar haka ne. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan idon ba na dako ba ne." Washegari ya kai shi wurin wani tsohon bakanike ɗan Togo ya ce a koya masa. Shekaru bayan nan, lokacin rikicin da ya hana kowa fita, aka wawashe garejin ɗan Togon har da ƙyaure. Alhaji ya nuna wa Ra'ufu gefen katangar sitonsa ya ce ya kafa rumfa. Daga ranar har yau Alhaji bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Ra'ufu ne ke tayar da ita, har matarsa Ruƙayya ta haddace labarin, takan ƙarasa masa kafin ya kai ƙarshe.

To, Ra'ufu gwani ne, wannan ba gardama, amma yana da hali biyu da ya kamata a sani. Na farko, ya tsani guntuwar mota. Akwai yayin da samari masu 'yan canji suka ɗauko, su sayi tsohuwar Fijo ko Marsandi ta zamanin iyayensu, su yi mata fenti, su sa a yanke sifirin, mota ta durƙusa har cikinta ya kusa shafar kwalta, wai ita ce gayu. Ra'ufu yakan ce, "Mota ce ko kadangare?" Abin dariyar shi ne, su ne ke ciyar da shi, don titunan Abidjan ba sa jin gayu, mako ba ya ƙarewa ba a jawo masa wata da fasasshen ciki ba. Hali na biyu, ba ya tambaya. In ka fara yi masa bayani sai ya ɗaga maka hannu, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya karanta kurjewar da ke jikin ƙarfe. Cewa yake mota ba ta ƙarya, mai mota ke yi. Kuma sau tara cikin goma gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan.

Alhaji yana da wata Fijo 404 ruwan madara, wadda ya saya tun yana da ƙarfinsa. Ɗansa Musbahu, haifaffen Abidjan, ma'aikaci a ofishin fitar da kaya daga tasha, ya faki idon uban lokacin da ya tafi Kano, ya kai ta wani gareji can nesa aka sare mata tsayi. Bai kawo wa Ra'ufu ba, ya san abin da zai ji. Da Alhaji ya dawo ya zaga ta sau ɗaya ya ce, "Wa ya sare mata gwiwa?" Daga nan ya bar wa yaro abarsa, shi ya ci gaba da hawa ɗaya motar tasa, doguwa mai tsayi daga ƙasa.

Shekara biyu da suka wuce ciwo ya kama Alhaji, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya sha jinya, ya tashi da sanda, yana jan ƙafa. Kasuwa ya bar wa 'ya'ya, ziyara ya daina, biki da suna sai dai ya aika. Abu ɗaya ya riƙe ya ƙi saki, Juma'a a babban masallacin Treichville, inda ya shekara arba'in yana sallah. Akwai masallatai a Adjamé, wani ma ana jiyo huɗubarsa daga gidansa, amma shi can ya saba. Kowace Juma'a Musbahu zai tuƙo shi daga Adjamé su tsallaka gada, ya sauka da kansa, ya taka da sandarsa har sahu. Mako guda yake yi yana jiran wannan tafiyar. Kuma a guntuwar Fijon nan yake zuwa, ba a doguwar mota ba. Ra'ufu ya lura da haka, ya ce a ransa tsufa ne, mutum yakan koma wa tsohon abinsa.

Ana nan sai mutanen layin su Alhaji suka gaji da gudun 'yan gbaka masu yanke hanya ta ƙofar gidajensu, suka haɗa hannu suka gitta tudun siminti uku a titi. Maginin da suka samu hannunsa a sake yake, bai yi rowar siminti ba. Juma'ar farko Fijo ta kurje, ta biyu ta yi ƙara, ta uku kwanon baƙin mai ya tsage, aka jawo ta Treichville da igiya.

Ra'ufu ya ga mota, farin ciki ya kama shi. Shekara nawa yana neman abin da zai yi wa Alhaji, mutumin da ba ya karɓar komai a hannun kowa, yau ga dama ta kawo kanta har rumfa. Musbahu ya fara cewa, "Yaya, ka ga, le viye, Babanmu, yana son ta ne don…" Ra'ufu ya ɗaga masa hannu.

"Kai da ka lalata ta ne za ka koya mini? Tafi ofis."

Kwana biyu ya yi yana yawo a wurin masu tsofaffin kayan mota na Adjamé, yana tona tsibin ƙarafa, har ya samo sifirin na asali guda huɗu da ba a taɓa sa musu wuta ba. Ya liƙe kwanon mai, ya ɗaura sifirin, mota ta miƙe tsaye yadda aka ƙera ta. Ya wanke ta da hannunsa, ya tuƙa ta har Adjamé, ta haye tudu uku ko gezau. Alhaji yana zaune a kujerarsa a baranda aka buɗe ƙofa. Ya daɗe yana kallon motar. Can ya ce, "Ra'ufu, ka sha aiki. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan Hajo da malam mahaifinka." Ya yi ta sa albarka har Ra'ufu ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya koma gida ya ba Ruƙayya labari sau biyu.

Ranar Juma'a yana tsaye a bakin masallaci Fijo ta iso tana sheƙi. Aka buɗe ƙofa, Alhaji bai fito ba. Sai ga Musbahu da wani bawan Allah sun kama shi ta hammata sun sauko da shi, babbar rigarsa ta tattare, hularsa ta faɗi, wani ya ɗauka ya kaɗe ya mayar masa. Mutane suna ta "Sannu Alhaji, yako Alhaji." Ra'ufu ya ga wannan da idonsa, ya ce a ransa ciwo ne ya motsa, Allah ya ba shi lafiya. Ko kusa bai kawo komai ba.

Juma'a ta zagayo, babu Alhaji. Ta sake zagayowa, babu shi. Ra'ufu ya kira Musbahu, Musbahu ya ce, "Mura ce, Yaya, ya foyi, ba komai." Ta uku ma mura. Ra'ufu ya aika da zuma da citta.

Ranar wata Litinin da rana tsaka, yana cin acheke, dambun rogon nan, da kifi a bakin rumfa, woro-woro, wato tasin haya, ta tsaya, Hajiya Kande matar Alhaji ta fito. Mace ce da ba ta taɓa taka garejin ba, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ya yi wuf ya ture kwano ya goge mata benci. Ta ƙi zama.

"Ra'ufu, zumarka ta iso, mun gode. Amma Alhaji ba mura yake ba."

"To me ya same shi, Hajiya?"

"Kai ka same shi."

Ta ce, "Ka taɓa duba ƙafafun kujerarsa? Ni na sa kafinta ya rage su. Gadonsa ma haka. Mutumin nan in yana zaune, sai tafin ƙafarsa duka biyu sun dafa ƙasa sannan yake iya dogara sanda ya miƙe. In suna lilo, shi ke nan, sai an ɗauke shi. Duk motocin gidan nan wannan guntuwar ce kaɗai yake shiga ya fita ba hannun kowa. Wautar Musbahu ce Allah ya mai da ita rahama. Kai kuma ka zo ka yi mana gwaninta."

"Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Ya faɗa maka? Ka kawo masa alheri kana washe baki, ya ce maka ka ɓata? Ba ka san Alhaji ba ke nan. Ya hana Musbahu, ya hana ni. Ya ce in an gaya maka za ka ji ciwo. Ya gwammace ya zauna a gida yana jin huɗuba ta kan katanga. Yanzu ma ce masa na yi zan je awo. Jiya na ga yana ninke farar rigarsa ta Juma'a yana sawa can ƙasan akwati, shi ya sa na zo."

Ta juya ta tare wata woro-woro ta tafi. Ra'ufu ya zauna a kan bencin da ta ƙi zama. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne, na mutumin da ya ɗauke masa buhu daga ka. Da ya bar Musbahu ya ƙarasa maganarsa ta rannan, da duk ba a yi haka ba. Kifin nan ƙudaje suka ƙarasa shi.

Da ya natsu sai ya ga girman aikin. In ya mayar da mota ƙasa, tudu zai fasa ta. In ya bar ta sama, Alhaji ba zai fita ba. Tudun kuwa ba mai taɓa shi, yaran layi ne ke wasa a wurin. Abin da ake so shi ne jiki ya sauka, ciki ya hau, wato kujera ta zauna inda take a da, amma duk abin da ke rataye a ƙarƙashin gaban motar ya matsa sama. Bai taɓa yi ba, don shi a duniyarsa maganin guntuwar mota ɗaya ne, a miƙar da ita.

Sai da awo, kuma ba a zuwa gaban dattijo da tef a ce za a auna rauninsa. Washegari ya saka alli a aljihu ya tafi gaisuwa. Ya tsuguna a gaban kujerar Alhaji kamar yadda ya saba, sai dai yau ya matso sosai, ya kafa ƙafarsa ta dama jikin kujerar, yana "Ina kwana Baba, ya ƙarfin jiki, ya murar," hannunsa kuma ya ja alli a wandonsa daidai inda bakin kujera ya tsaya. Alhaji ya ce mura da sauƙi. Ra'ufu ya ce akwai wani noti da ya manta bai ɗaure ba, zai ɗauki mota. Duk su biyun suka yi ƙaryarsu cikin ladabi aka rabu lafiya. A waje ya ɗora katako a kan tudun da ya fi girma, ya auna shi ta ko'ina, 'yan layi suna kallonsa.

Ya cire sifirin ɗin da ya sha wahalar nema, ya mayar da gajeru, ya auna bakin kujerar mota da zanen wandonsa har suka yi daidai. Sannan ya shige ƙarƙashi. Abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙarfen gicciye mai riƙe da ƙafafun gaba, da kunnuwa biyu da hannuwan ƙafa ke ɗaure a jikinsu. Ya sauke ƙarfen, ya yanke kunnuwan, ya sassaƙe cikinsa na ƙasa, ya rufe da farantin ƙarfe mai kauri don kada ya rasa ƙarfi, ya sake liƙa kunnuwan a sama da inda suke. Ya saka wa injin matashi ya ɗaga shi kaɗan, iya abin da murfi zai rufu, don kwanon mai ya bi sahu. Salansa ya lanƙwasa ta ta lafe a jiki. Ƙusoshin da ke leƙowa ƙasa duk ya juya su. Yana yi yana mita shi kaɗai, yana zagin wanda ya ƙirƙiro yayin, yana kuma sa masa albarka.

Ranar Alhamis ya fita gwaji, da ya taka rami sai sitiyari ya fizge hannunsa. Ya gane nan take, ya ɗaga hannuwan ƙafa ya bar sandar sitiyari a ƙasa, sun daina tafiya tare. Zuciyarsa ta ce a lallaɓa hakanan, gobe Juma'a, Musbahu zai bi a hankali. Ya tuna gada, ya tuna wanda zai zauna a ciki. Ya koma rumfa ya sake kwancewa. Wannan Juma'ar ma ta wuce Alhaji yana gida, kuma a duk kwanakin aikin babu ranar da ta yi wa Ra'ufu nauyi kamarta.

Laraba ta gaba ya gama. Ya roƙi buhun shinkafa uku a sito ya ɗora a kujeru a madadin mutane, ya kwaɓa laka ya manna dunƙule-dunƙule a duk inda ya fi ƙasa, ya tuƙa har layin su Alhaji ya haye tudu uku. Ya kwanta a titi ya leƙa. Laka ɗaya ce ta ɗan shafu, sauran ko ƙura. Tsakanin da da yanzu ratar yatsu huɗu ya samu a ƙarƙashin mota, aikin kwana tara ke nan.

Ranar Juma'a shi ya zo da motar, Musbahu ya buɗe ƙofar gida. Alhaji yana baranda da rigar zaman gida. Ya ga mota ta koma durƙushe yadda take, ya dubi Ra'ufu, ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Hajiya, labule ya motsa. Ra'ufu ya tsuguna ya ce, "Baba, na yi kuskure wancan karon. Waɗancan sifirin ba su dace da ita ba."

Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ina farar rigar nan?"

Shiri ya ɗauki lokaci, har aka fara kiran farko. Alhaji ya tako da sanda har bakin mota, ya juya baya, ya zauna, ya sa hannun dama ya ɗauko ƙafar hagu ya shigar. Musbahu ya ja. Da suka doshi tudu na farko Alhaji ya runtse ido yana jiran ƙara, mota ta haye shiru. Na biyu haka, na uku haka. Musbahu ya ce, "Wala, shi ke nan," ya daki sitiyari da tafin hannu. Ra'ufu yana baya, hamdala kawai yake a zuci.

Sun makara. Cunkoson gada ya riƙe su, kafin su iso masallaci ya cika ya tumbatsa har titi. Musbahu ya tsaya inda ya samu. Mutum biyu da suka gane motar suka taso za su kama, Ra'ufu ya tare su da ido suka tsaya. Alhaji ya buɗe ƙofa, ya fito da ƙafar dama, ya ɗauko ta hagu ya ajiye, duka biyun suka dafa kwalta. Ya kafa sanda ya yunƙura, bai tashi ba. Hannun Ra'ufu ya yi ta ƙaiƙayi, ya mayar da su baya ya damƙe ɗaya da ɗaya. Alhaji ya numfasa, ya sake yunƙurawa, ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa da kansa.

Ba wurin shiga ciki, sai tabarmin ƙarshe a cikin rana. Da suka kai bakinsu Alhaji ya zame takalmansa, ya dubi Ra'ufu, ya nuna su da sanda.

"Riƙe mini waɗannan."

Shekara talatin da wani abu ke nan da saninsu, yau ne Alhaji ya fara ba shi wani abu ya riƙe masa. Ra'ufu ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaukar takalmi ke buƙata. Da ya ɗago, Alhaji ya riga ya shiga sahu, ya bar masa wuri a gefensa na hagu, liman kuma ya ce a daidaita.